Amsa: Horar da malaman likitanci kan koyarwa ta hanyar warware matsala

Malam, ka tambayi ta ina za ku fara horar da malaman likitanci a nan Katsina kan wannan tsari, wato a ba ɗalibai matsala su nemo amsarta da kansu. Ku fara da mayar da malaman su zama ɗalibai. A zaunar da su takwas-takwas, a ba su labarin yaro mai zazzaɓi da jijjiga, su kawo abin da suke zato, su fitar da abin da za su karanto, su dawo bayan kwana uku. Jami'ar McMaster ta Kanada ce ta fara tsarin a 1969.

Matsalar tana wajen babban likitan da ya saba da lacca. In yana jagorantar zaman ɗalibai suka yi shirun minti ɗaya, sai ya faɗi amsa. Da ya ce "maleriya ce", zaman ya mutu, ba mai ƙara tunanin sanƙarau. A koya masa haƙuri da tambayar "me ya sa ka ce haka?"

A gyara jarrabawa kuma, don in hadda take nema, hadda ɗalibai za su yi.