Me ya sa dillalin riɗi ke ɗaukar kaya bashi?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa dillalin riɗinku a Maigatari ba ya biya sai kaya sun isa Japan ko Turkiyya. Ba lallai mugunta ba ce. Daga auna buhu zuwa lodi a Legas, har mai saye ya turo kuɗi, watanni ake shafewa. Bankuna kuwa ba sa son ranta wa ƙaramin ɗan kasuwa sai da jingina, ga kuɗin ruwa mai nauyi. Bankin Raya Asiya ya ƙiyasta giɓin irin wannan rance a duniya, wato wanda 'yan kasuwa ke nema ba su samu ba, ya kai dala tiriliyan 2.5 a 2022. A kan manomi abin ke ƙarewa: ko ya jira, ko ya karyar wa mai tsabar kuɗi, ga kuɗin taki na jiransa.