Tambaya da Amsa: Siffofin siminti da kiɗa a filin Allah

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta samu fili a gindin dutse a wajen garin Dass, muna son mu mai da shi wurin shaƙatawa mai manyan siffofi na siminti, kamar Dagin Arewa da ƙwarya da kakaki. Ƙwaryar da muka gina a watan Janairu ta tsattsage kafin damina. Ina muka kuskure?
Mai karatu daga Dass

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, watan da kuka zaɓa shi ya fara cutar ku. Siminti ba da bushewa yake ƙarfi ba, ruwa yake sha a hankali har ya kama, iskar hunturu kuwa takan zuƙe ruwan tun bai gama aikinsa ba. A lulluɓe aikin da jiƙaƙƙen buhun algarara, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7. Ƙarfin da ake lissafi da shi sai ya kwana 28.

Tushe kuma a haƙa har a tarar da ƙasa mai tauri, a zuba kankare: buhun siminti 1, yashi kwanon sarki 4, tsakuwa 8. A ɗaure ƙashin siffar da rodi mai kaurin milimita 12, a dasa shi cikin tushen, a naɗe da ragar waya. Kwaɓin shafe shi ne siminti kashi 1, yashi kashi 3, a shafa shi hawa-hawa, a kakkarce kowane hawa don na gaba ya kama. Abin da magina suka fi sakaci da shi shi ne kaurin da ke rufe rodi. Kada ya gaza santimita 3, domin idan ruwa ya kai ga ƙarfe sai ya yi tsatsa, tsatsa kuma kumbura take yi ta fasa simintin daga ciki. Yashi mai laka ma yana kawo tsagewa. A zuba shi a kwalba da ruwa a girgiza, lakar za ta kwanta a saman yashin a gan ta.

Ƙwaryar kuwa a huda gindinta, in ba haka ba ta zama gidan sauro. Kun yi dabara da kuka guji siffar mai rai, jama'a za su fi sakin jiki su zo. Ku kuma ware kuɗin gyara: siffofin simintin da ke kurmin Osun na Osogbo, wanda UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi a 2005, har yau gyaransu ake yi.

Tambaya: Ina koyar da kiɗa. Ina son in haɗa ɗalibaina masu gogen Turawa da masu algaita da kotso a wani lambu a ƙauye. Yaya za a ji kowa?
Wata malama daga Gombe

Amsa: Malama, algaita da kakaki don fili aka yi su, gogen Turawa kuwa don ɗaki mai mayar da amo. A fili sauti yakan ragu da desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) duk lokacin da nisa ya ninka. Don haka a sa masu goge a gaba, bango ko dutse a bayansu, masu algaita a can gefe, kuma a ba su fage bi da bi maimakon su yi tare. Janareto a kai shi bayan gini, a ja waya.

Katakon gogen Turawa yana son laimar iska kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, hunturu kuwa yakan sauko da ita ƙasa da 20, sai katako ya tsage, maɗaurin tsirkiya ya sassauce. A bar shi cikin akwatinsa da ɗan jiƙaƙƙen soso a leda mai huji, kada ya taɓa katakon. Fatar kotso ita ma takan saki da raɓar dare. Ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba ya fi dacewa da taron, a fara bayan La'asar a tashi kafin kiran Magariba.