Kunyar ɗan fari daban, wannan daban

Wa alaikumus salam ɗana, na ga saƙonka. Ka ce maijego sati huɗu kenan ba ta son ɗaukar yaron, ga ta da kuka ba dalili, abinci sai an matsa mata, kuma matan gidanku nan Agege sun ce kunyar ɗan fari ce ka ƙyale ta.

To bari in gaya maka tunda mu muka yi kunyar nan. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa gaban surukai, in ya yi kuka cikin mutane uwar ta kau da kai kamar ba nata ba, amma da an watse wallahi rungume abinta take, kunya don idon mutane ake yinta. Wadda ko ita kaɗai a ɗaki ba ta marmarin ɗanta, yaro na barci ita idonta biyu har asuba, tana cewa ita ba uwar kirki ba ce, wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, likitoci sun san shi, ba iska ba ne ba kuma raunin imani ba. Ɗan koke-koken kwanakin farko kam mata da yawa na yi, amma baya wuce sati 2.

Ai shi ya sa da ake kai mace gida wanka, kwana 40 uwa na kusa, a dafa mata ruwa, a dama kunun kanwa (shi ma kar a cika kanwar, tana wahalar da zuciya), ko tsinke ba ta ɗagawa. Ita fa? Ɗaki ɗaya a Legas, kai ka fita tun asuba gosulo ya riƙe ka sai bayan isha, daga ita sai jariri.

Kar ka jira rigakafin sati 6, ka kai ta asibitin da ta yi awo cikin satin nan, ku faɗa wa likita komai ba ɓoye-ɓoye, in da buƙata za su tura ku LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, ko asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na Yaba, kuma kar sunan Yaba ya tsorata ka, akwai maganin da mai shayarwa ma ke sha. In ta ambaci mutuwa ko cutar da yaron ranar za ku tafi, kar a bar ta ita kaɗai.

Addu'a a ci gaba da yi. Ka turo kuɗin mota mahaifiyarta ta taho, da dare kuma ka riƙa karɓar yaron ta samu barci. Anjima bayan magariba ka ba ta waya mu gaisa.