Hukuncin Gyaran Ƙashin Baya da Hannu

Tambaya: Malam, ni tela ne, kuma shekarun da na yi ina sunkuye a kan keken ɗinki sun bar min ciwon ƙugu, har ruku'u yana yi min wuya. An nuna min mai gyaran ƙashin baya da hannu, aikin da ake kira kairofiraktik, amma na ji an ce asalinsa akwai harkar ruhohin matattu. Shin ya halatta in je, ni da maiɗakina?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Allah Ya ba ka lafiya, ɗan'uwa. Asalin neman magani halal ne, domin Annabi (SAW) ya yi umarni da shi a hadisin Usama bn Sharik da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito.

Abin da ka ji yana da tushe. Daniel David Palmer, wanda ya fara wannan aiki a garin Davenport na Amurka a 1895, ya yi da'awar cewa ya karɓi iliminsa daga ruhin wani likita da ya mutu, kuma ya ce gocewar ƙasusuwan baya ce tushen mafi yawan cututtuka. Maganar farko ɓata ce da Musulmi ba ya gaskatawa, ta biyu kuma binciken likitanci bai tabbatar da ita ba. Sai dai hukunci yana bin aikin da ake yi ne. Danna gaɓa da hannu, da miƙar da tsoka, da koya wa mutum yadda zai zauna ko ya ɗaga kaya, duk sababai ne na zahiri, kamar ɗorin da muka sani, don haka sun halatta matuƙar ba a haɗa su da wancan ƙuduri ba.

Inda na fi jin tsoro shi ne cutarwa, kuma a Muwaɗɗa an ruwaito cewa babu cuta babu cutarwa. Ciwon baya ba iri ɗaya ba ne: wani gajiyar tsoka ne, wani kuwa tarin fuka ne ya ci ƙashin, ko ƙashin ya yi rauni saboda tsufa, kuma danna irin wannan da ƙarfi yana iya taɓa laka mutum ya rasa ƙafafunsa. Saboda haka ka fara ganin likita ya duba ka, musamman idan akwai zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, ko fitsari yana kufce maka. Murɗa wuya har ya yi ƙara kuwa, ina ba ka shawarar ka ƙi shi, domin ko da yake ba kasafai ba, yana iya yaga jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Shi kuma mai aikin dole ya zama ya koye shi da shaida, domin wanda ya yi magani ba a san shi da ilimin likitanci ba, ramuwar abin da ya ɓata tana kansa, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito. Duk wanda ya ce maka da matsa baya zai warkar da ciwon suga ko hawan jini, ka fita harkarsa, kuma kada ka ajiye maganinka.

Maiɗakinka ta nemi mace. Idan ba a samu ba kuma buƙata ta matsa, namiji zai iya yi mata a gabanka, ba tare da buɗe abin da ya wuce wurin ciwon ba.

Kafin ka samu sauƙi, ka daidaita tsayin kujerarka da keken, ka riƙa miƙewa lokaci zuwa lokaci, kuma idan tsayuwa ta gagara ka yi salla a zaune, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarci Imrana bn Husaini. Allah ne mafi sani.