Wace bindiga zan saya don farautar elk a kurmin Oregon?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara shida ke nan ina zaune a jihar Oregon ta Amurka. Abokan aikina sun gayyace ni farautar elk, wata ƙatuwar dabba dangin barewa, a dazuzzukan bakin teku cikin watan Nuwamba. Na yi kwas ɗin mafarauta, na kuma yanki lasisi. Mai kantin bindigogi ya nace sai na sayi .300 Winchester Magnum, wai dabbar ƙatuwa ce. Ni kuwa aljihun ba nauyi. Me ka ba ni shawara?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Mai kanti bai yi ƙarya ba game da girman dabbar. Elk ɗin wannan yanki, wanda ake kira Roosevelt, ya fi duk 'yan'uwansa jiki, namijinsa kan haura kilo 300. Amma ka duba inda za ka shiga. Kurmi ne mai duhu, itatuwa a cushe, ciyayi har ƙugu, ruwan sama ba ya ɗaukewa. A irin wannan wuri da wuya ka hango dabba a nisan da ya wuce mita 100, sau da yawa ma taku hamsin ne tsakaninku, kuma daƙiƙa uku ko huɗu za ta ba ka kafin ta shige duhu.

Ita .300 Magnum, wadda ta fito a 1963, amfaninta a fili yake, inda ake harbi daga wannan tudu zuwa wancan. Tana son dogon baki, inci 24 ko 26, kafin albarushinta ya gama ci, ga tsadar harsashi, ga dukan kafaɗa. Wannan dukan shi na fi jiye maka. Na sha ganin sabon maharbi a filin gwaji, ya harba sau uku, a na huɗu tun kafin ya ja kunama ya runtse ido ya noƙe kafaɗa. Wanda ya koyi wannan ɗabi'a zai raunata dabba ne ta gudu ta je ta mutu a wahale, naman ma ya rasa. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Ka sayi .30-06 Springfield ko .308 Winchester. Ta farkon tun 1906 take, ta biyun tun 1952, kuma ko ƙaramin kantin ƙauye ka shiga a can za ka tarar da harsashinsu. A cikin kurmi dabba ba za ta bambance su ba. Ni na fi karkata ga .308 saboda bindigarta ta fi gajarta kaɗan. Ka nemi mai baki inci 20 zuwa 22, wadda da madubinta na hangen nesa duka ba ta wuce kilo uku da rabi zuwa huɗu ba, don wuni za ka yi kana hawa da gangara da ita. Ƙarfen ya zama marar tsatsa, gindin kuma na roba, saboda katako yana shan ruwa ya kumbura ya ɓata saiti.

Rarar kuɗin ka zuba ta a harsashi mai kyau, mai nauyin giren (ma'aunin nauyin harsashi) 165 ko 180, irin wanda ba ya tarwatsewa in ya ci karo da ƙashi. Nosler Partition misali ne. John Nosler ya fara sayar da shi a 1948, bayan harsashinsa ya kasa ratsa kafaɗar wani ƙaton mus (dabba dangin barewa da ta fi elk girma) a Kanada. Sai ka harba aƙalla kwali uku kafin Nuwamba, a tsaye da a durƙushe, ba a kan tebur kaɗai ba.

Tambaya: Malam, an ce mini harsashi mai nauyi irin na .45-70 yana ratsa rassa ya sami dabba. Gaskiya ne?

Amsa: A'a. Kowane harsashi in ya taɓa reshe zai kauce, babba ko ƙarami. Ita .45-70, tsohuwa ce tun 1873, tana aiki sosai a kusa, kuma bindigar Marlin 1895 mai ɗaukarta gajeruwa ce mai daɗin riƙo. In kana son ta, saye ta don wannan. Amma kada ka taɓa harbin motsin ganye. Sai ka ga dabbar sarai, ka ga abin da ke bayanta, don abokan tafiyarka ma cikin kurmin suke.

Tambaya: Wane madubi zan ɗora? Na ga mai kusanto da abu har ninki 18.

Amsa: Bar shi a kanti. In ka ɗaga shi a taku talatin, gashi kawai za ka gani cike da ido, ba za ka san kafaɗa ba ce ko cinya. Ka ɗauki mai ninki 1 zuwa 4, ko 2 zuwa 7, ka bar shi a kan mafi ƙanƙanta muddin kana tafiya. Ka tabbata ba ya yin hazo a ciki, ka haɗa da marfin gilashi mai buɗewa da yatsa ɗaya, ka kuma sa busasshen ƙyalle a aljihun ƙirji inda ruwa ba ya kaiwa.