Tambayoyin wannan mako: waya za ta iya faɗa min sunan kwaɗo?

Tun da damina ta kankama saƙonni uku suka shigo min a kan kwaɗi, abin ya yi min daɗi sosai don yawancin lokaci tambayar batir da cajin waya nake amsawa. Na haɗa su wuri ɗaya tunda duk hanya ɗaya suka nufa.

Tambaya ta farko daga wata ɗaliba ce mai karatun ilimin halittu, ta ce: "Malam dan Allah akwai manhajar da zan ɗauki hoton kwaɗo ta faɗa min ko wane iri ne? Firojet ɗina a kan kwaɗin kududdufan unguwarmu ne."

Akwai ƙanwata, amma kada ki miƙa mata wuya gaba ɗaya. Sauke iNaturalist, kyauta ce, tun 2008 aka fara ta a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a Amurka. Kina ɗora hoto za ta kawo miki sunayen da take zato, daga baya mutanen da suka san abin su duba su tabbatar ko su gyara, kuma wannan gyaran na mutane shi ne mai amfanin. Dalili kuwa, kwamfutar da hotunan da aka riga aka ɗora take koyo, kwaɗin Turai da Amurka an ɗauke su hoto ba adadi, namu na nan yankin kuwa kaɗan ne, saboda haka sau da yawa sai ta tsaya a sunan dangi ko ta ba ki sunan wani da yake kama da shi. Nau'in kwaɗi a duniya ya haura 7,000, wasu ko a tafin hannu kika ajiye su gefe da gefe ba za ki bambance ba. Ɗauki misalin kwaɗon nan mai ƙuraje a baya da ke maƙalewa a gindin randa ko ƙarƙashin fitila yana cin ƙwari, masana na kiransa Sclerophrys regularis, to yana da ɗan uwa a yankin Sahel, Sclerophrys xeros, daga sama kusan abu ɗaya ne, sai kin leƙa bayan cinyarsa za ki ga jan zane a jikin xeros. Shi ya sa hoto ɗaya ba ya isa. Ki ɗauki bayansa, ki ɗauki gefen kai inda ido da kunne suke, sai ciki, sai tafin ƙafar baya a buɗe don a ga fatar da ke tsakanin yatsu, ki ajiye rula ko biro a kusa saboda girma ya fito. Ki kunna lokeshan kafin ki ɗauka, in ba wuri da kwanan wata hoton bai da amfani a wurin mai bincike. In kin taɓa shi ki wanke hannu kafin ki kai ido, kumburin nan biyu na bayan idonsa dafi suke fitarwa, kuma ki mai da shi inda kika ɗauko shi.

Za ki ga ana yabon FrogID, manhajar gane kwaɗo ta kukansa, wadda gidan tarihi na Ostareliya ya fitar a 2017, tana da kyau amma ta kwaɗin ƙasarsu ce kawai, kada ki ɓata data.

Na biyu wani malamin sakandare ne: "Na naɗi kukan kwaɗi da dare na tura wa abokina da ke jami'a ta voyis na WhatsApp, ya ce ba zai iya aiki da shi ba. Me ya lalace?"

Ranka ya daɗe, abokinka gaskiya ya faɗa, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a cikin ukun. Voyis na WhatsApp don muryar mutum aka yi shi, yana matse sautin ya zubar da duk abin da yake ganin hayaniya ce, wayar ma kanta tana da tsarin rage ƙara da ke ɗaukar kukan kwaɗo a matsayin abin da ya kamata a danne. Alhali kukan nan shi ne katin shaidar kwaɗo. Namiji ne ke yi don kiran mace, kowane nau'i da nasa salon, tsawon kira ɗaya da yawan bugun da ke cikinsa da kaurin murya, macen ma da kunne take gane nata a cikin cunkoson kududdufi ɗaya da nau'i biyar ko shida ke kuka lokaci guda. In aka matse sauti waɗannan ƙananan bugun ne ke fara narkewa.

Abin yi shi ne ka nemi manhajar naɗar sauti da ke ajiyewa a WAV, wato tsarin fayil da ba ya matse sauti, ka saita ingancin naɗin a 44.1 kHz, ka kashe rage ƙara in akwai wurin kashewa. Minti ɗaya zai ci wajen 5 MB, ba wani abu ba ne. Ka sa wayar a yanayin jirgi kada kira ya katse ka, ka matsa a hankali kamar mita ɗaya daga wanda ke kukan, sai ka kashe tocila ka tsaya cik, za su yi shiru da farko, ka ba su minti biyu ko uku ɗaya zai fara sauran su ɗauka. Ka juya gindin wayar wajensa don nan makirfon yake, kada ka riƙa murza ta a hannu. In ka gama kafin ka tsayar ka faɗi wurin da kwanan wata da ƙarfe nawa, da zafin wurin in kana da ma'auni, domin kwaɗo jikinsa yanayi yake bi, in dare ya yi sanyi saurin kukan na raguwa in ya yi ɗumi ya ƙaru, mai bincike sai ya san wannan kafin ya kwatanta. Ka sa takalmi rufaffe dan Allah, inda kwaɗi suka taru maciji ma na zuwa. Wajen turawa ka tura shi a matsayin dokumen, haka ma hotuna, don in ka tura a matsayin hoto ana goge bayanin wurin da ke ciki.

In kana da kwamfuta ka buɗe fayil ɗin a Audacity, manhajar gyaran sauti, kyauta ce ita ma, ka juya shi zuwa zanen sauti wato sifektiragiram. Ranar da na fara yin haka da abin da na naɗo a bakin wata fadama na daɗe ina kallo, abin da kunnena ya ji kamar hayaniya ɗaya sai ga shi layi-layi, mai kaurin murya a ƙasa yana jan zare, masu siririyar murya a can sama kamar ɗigon ruwa.

Na uku ya ce laftof ɗinsa ram 4 GB ne, an ce ya zana bishiyar dangantakar kwaɗi, wato zanen da ke nuna yadda nau'o'insu suke da dangantaka da juna, ko za ta ɗauka?

Za ta ɗauka ɗan uwa. Ka shiga GenBank, rumbun bayanan DNA na intanet, ka nemi ɓangaren ƙwayar halitta da ake kira 16S, shi aka fi amfani da shi wajen kwaɗi, harufan DNA ne wajen 550 kacal ga kowane ɗaya, ka sauke a tsarin fayil na FASTA, ka buɗe a manhajar MEGA, ka jera su da MUSCLE da ke cikinta, ka zana bishiyar da butsitirap 1,000, wato maimaita lissafin sau 1,000 don gwada ƙarfin rassan. Nau'i ashirin ko talatin ba za su wahalar da ita ba. Ka sa Xenopus tropicalis a matsayin na waje, wato dangi na nesa da sauran, don saiwar bishiyar ta zauna daidai, shi wannan kwaɗon ruwan shi ne na farko a kwaɗi da aka karanta dukkan ƙwayoyin halittarsa, a 2010, kuma wadda aka yi aikin da ita zuriyar da aka samo daga Najeriya ce.

Inda za ka sha wahala suna ne. Kwaɗon gindin randar nan Bufo regularis ake ce masa a tsofaffin littattafai, a 2006 bayan babban binciken DNA aka mai da shi Amietophrynus, a 2016 kuma ya koma Sclerophrys, saboda haka ka nemi duka ukun, ka kuma duba shafin intanet na AmphibiaWeb ka ga wanda ake amfani da shi yanzu kafin ka rubuta a firojet. Kuma ka karanta inda aka kamo kowane samfuri kafin ka sa shi, akwai waɗanda aka ɗora da sunan da ba nasu ba, in ka ga ɗaya ya faɗa wani reshe can daban ka saka shi a BLAST, manhajar kwatanta jerin DNA, ka ga da wa ya fi kama kafin ka ce ka gano sabon abu.