Amsa: Me ya sa aka daina Men of a Certain Age?

Malam, ka tambaya ko rashin kyau ne ya sa aka tsayar da shirin, wato wasan kwaikwayon talabijin kan wasu abokai uku magidanta da suka fara manyanta. Ko kusa. Tashar TNT ta Amurka ta fara shi a 2009, ta soke shi a 2011 bayan zango biyu, alhali har lambar yabo ta Peabody ya ci. Matsalar ita ce 'yan kallo sun ragu, masu talla kuma matasa suke nema, ba magidanta masu furfura ba.

Masoyansa sun yi ta ƙorafi a intanet, ni ma na ji haushi. Owen, ɗaya daga cikin abokan, wanda marigayi ɗan wasa Andre Braugher ya fito a matsayinsa, yana sayar da motoci a ƙarƙashin mahaifinsa, ga ciwon suga, ga iyali. Wallahi kamar yayana nake kallo.